Bargon ƙyallaye: allura huɗu sun karye, kuma an ce faci ba ya shiga kayan ɗakin amarya

Maman 'Yan Biyu, Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon magana. Ni ba tela ba ce, koko da ƙosai nake sayarwa da safe, ɗinki kuwa sha'awa ce da nake yi bayan la'asar. Ƙanwata tana da shago, shekara biyu ke nan ina kwashe mata ƙyallayen atamfa kafin yaran shago su share su zuba a bola. Na yanka su gida-gida, kowane inci 5, guda 252, na jera layi 18, kowane layi gida 14. Fuskar ta haɗu lafiya lau. Sai na sayo siririn soso irin na masu kujera na sa a tsakiya, na shimfiɗa shafi a ƙasa, na tura cikin keken Butterfly na hannu da mahaifiyata ta bar mini. Jiya kaɗai allura huɗu na karya, ƙasan kuma ya tattare kamar goshin mai fushi.

Matsala ta biyu ta fi wannan ci mini rai. Bargon na 'yata ne da za a aurar bayan Babbar Sallah. Gwaggonta ta zo ta gani, ta ce faci ba ya shiga kayan ɗaki, wai so nake dangin miji su ce mun kasa sayen zanen gado. Don Allah ku ba ni shawara a kan duka biyun.

Baba Tela, Alabar:
Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da gaya mini: allurar lamba nawa ce, kuma gindinta zagayayye ne ko gefe ɗaya a shafe yake?

Maman 'Yan Biyu:
Baba, lamba 14 ce. Na duba yanzu, zagayayye ne. Haka mai shagon ya ba ni.

Baba Tela:
To ga ɓarawo na farko. Wannan allurar injin masana'anta ce, irin su Juki. Keken gida yana son mai gefe a shafe. In kika cusa zagayayyiya ba ta zama daidai, sai ta riƙa dukan farantin ƙasa. Nemi ta keken gida lamba 16.

Ɓarawo na biyu soso ne. Haƙoran keke suna jan yadin ƙasa gaba, ƙafar da ke danne yadi tana riƙe na sama, soso kuma yana lotsawa yana tashi a tsakaninsu, kowa na tafiyarsa. Ke kuma da kika ga ya tsaya sai ki ja da hannu, na sani ko ban gani ba, allura ta lanƙwashe ta karye. Kwance wannan kusar da ke saman kan keken kaɗan, ƙafar ta rage danna. Ki ƙara tsawon ɗinki. Kafin ki kai shi keke, shimfiɗa a kan siminti mai tsabta, ki miƙar da shafin, ki kama hawa ukun da manyan ɗinkin hannu, daga tsakiya zuwa gefe, tazarar tafin hannu. Kuma ɗinkin keken ma daga tsakiya ake farawa, ba daga baki ba.

Hajiya Mai Atamfa, Asawase:
Ni dai zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Gwaggon yarinya ba ta yi ƙarya ba. Shekaruna nawa ina sayar da atamfa a Kejetia, na san abin da mata ke yi ranar da aka buɗe ɗakin amarya. Ɗaga zane ake yi a karanta bakinsa, a ga ko Holan ce ko GTP ko ta Chaina. Ashantawa suna kiran irin wannan haɗe-haɗe asasawa, kuma da muna yara wanda ya sa shi an san uwarsa ragowar tela ta tsinto. Ki yi wa jikokinki in sun zo, ba wanda zai ce uffan. Amma ɗakin amarya ido ne.

Auta, Sabon Zango:
Mma Hajiya, da girmanki, yanzu fa masu shagunan Adum da Osu asasawa suke ɗinka wa Turawa da 'yan boko, jaka da riga da hula, kuma ya fi turmi sukutum tsada.

Hajiya Mai Atamfa:
Bature ya saya ya tafi ƙasarsu. Ita yarinyar da uwar miji za ta zauna.

Malamin Makaranta, Tafo:
Ina so in ɗan taɓa zancen cewa abin na talaka ne ko na Bature. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifidi. Mene ne lifidi? Yadi a sama, yadi a ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi don kar ta zame. Har fuskar ma sau da yawa haɗin yadi ne kala-kala, ja da shuɗi da rawaya. Da shi ake kare doki da mahayi daga kibiya, kuma ba kowa ke hawa da shi ba sai barden sarki. Wannan shi ne ainihin aikin da Turawa ke ce wa kwilt, hawa uku da ɗinki. Mu a jikin doki muka sa, su a gado.

A nan Gana ma duba mana. Kenten Bonwire ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, faɗin kamar inci 4, sannan a harhaɗa. Batakarin Daboya da Yendi haka. Tutocin Asafo, wato ƙungiyoyin mayaƙan Fantawa, a Cape Coast da Elmina yanka yadi ake yi da siffar mutum ko kada ko bindiga a ɗinka a kan wani, waɗanda aka yi kafin 1957 har da tutar Ingila a kusurwa. A Senegal kuma 'yan Baye Fall, mabiyan Shehu Ibrahima Fall, da gangan suke sa rigar faci-faci.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, 'yar tata doki ce?

Malamin Makaranta:
Hajiya kin kashe bakina.

Ɗan Nima, Accra:
Hahaha Mma ba ta ɗaukar raini. Amma Malam, in lifidi ne hujja, me ya sa ba za ta cusa audugar rimi ba? Ga ta nan a wurin masu katifa da filo.

Baba Tela:
A'a. Audugar rimi santsi gare ta, ba ta kama juna. A filo ko katifa inda aka danƙara ta, tana zaune. A bargo siriri, wanki biyu za ta dunƙule ta gudu kusurwa. Kuma tana da saurin kama wuta, a gidan da ake kunna maganin sauro ba na ba da shawara.

Antin Bronx:
Sannunku da gida. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. A nan Amurka na koyi wannan aikin, wurin wata tsohuwa baƙar fata da nake kula da ita. Abin da suke sawa a tsakiya auduga ce da aka matse ta zama shimfiɗa, a naɗe ake sayarwa, akwai ta auduga zalla, akwai gaurayen auduga 80 da roba 20. Amma ku tuna su sanyi suke gudu. Ni da na kawo ɗaya Kumasi na ba mahaifiyata, ta lulluɓa dare ɗaya cikin hunturu, da asuba ta ce in kwashe abina kafin ya dafa ta.

Zancen raini kuwa, Mma Hajiya, su ma sun yi shi. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, matan baƙaƙe ne jikokin bayi, da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna suke haɗa barguna saboda gidajen katakonsu iska na shiga. Ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. A 2002 aka rataye bargunan a gidan adana zane-zane na Houston, daga nan aka kai New York, yau sai mai kuɗi ke taɓa su. Akwai kuma Bisa Butler, mahaifinta ɗan Gana ne, da atamfa da kente take yin hoton mutum tsaye, fuska da ido da komai, an yi mata nuni ita kaɗai a Chicago a 2020. Da na ga hotunan sai da na gane atamfar da na taɓa ɗaurawa.

Auta:
Anti, da gaske ne har gasa suke yi?

Antin Bronx:
Gasa kai! Ta Houston tun 1974 ake yi, duk shekara wajen Oktoba ko Nuwamba. Akwai ta Paducah a Kentucky, inda suka gina gidan tarihi na barguna kawai a 1991. Ingila suna da tasu a Birmingham. Na je ta Houston sau ɗaya, ƙafata sai da ta kumbura. Ba a bari ki taɓa, akwai mata masu farar safar hannu, su ke ɗaga miki ki ga baya. Kuma bayan ne abin kallo: alƙalai suna duba ko ɗinki ya yi tsawo ɗaya, ko an ɓoye bakin zare, ko kusurwa huɗu sun haɗu a ɗigo ɗaya, ko bargon ya sauka sambal in an rataye. Mu da muka saba ɓoye ɓarna a ƙarƙashin shafi, a can asirinmu tonuwa zai yi.

Malam, ƙara wannan a cikin tarihinka: wata tsohuwa daga Laberiya, Martha Ricks, ta ɗinka bargo mai hoton bishiyar kofi ta kai wa Sarauniya Victoria da hannunta a 1892.

Hajiya Mai Atamfa:
Na ji. Duk waɗanda kika lissafa, wace ce ta sa a kayan ɗakin 'yarta a Aboabo?

Maman 'Yan Biyu:
Mma, ni fa ba gasa nake nema ba, ba kuma don na rasa kuɗin zanen gado ba. Zanen gado biyu na saya sababbi, suna cikin akwati. Abin da ke cikin bargon nan shi ne: akwai atamfar yayin da aka yi ranar sunanta, akwai zanen da na goya ta da shi, akwai rigar saukarta ta Alƙur'ani, akwai ɗankwalin mahaifiyata. Mijin a Tamale yake aiki, can za a kai ta.

Hajiya Mai Atamfa:
Ai ba ki faɗi haka da farko ba. Duk da haka ban canza magana ba a kan ranar buɗar ɗaki.

Baba Tela:
Dakata, 'yata. Kin ce zanen goyo da ɗankwalin tsohuwa da sababbin ƙyallaye duk a haɗe? Kin wanke sababbin kafin ki yanka?

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi Baba ban wanke ba. Da sitacinsu sun fi daɗin yanka.

Baba Tela:
Innalillahi. Tsohon zane ya gama tsukewa shekaru da suka wuce, sabo bai fara ba. Ranar wanki sabo zai ja, tsoho ya tsaya. Ba zai yage ba, amma zai yi ɗan yamutsi. Wannan da sauƙi. Abin tsoro zuba. Ɗauki farin ƙyalle ki jiƙa, ki goga a kan kowane ja da shuɗi mai duhu. Wanda ya bar kala, ki farke shi yanzu tun ba ki rufe ba. Gida biyar ko shida ba komai ba ne a kan ya ɓata 252.

Auta:
Madam ɗinmu gishiri take sawa a ruwa, wai yana kama kala.

Antin Bronx:
Gishiri a wurin rini yake aiki, lokacin da ake sa kalar. Yadin da ya riga ya fito kasuwa yana zuba, magani kawai a yi ta ɗauraye shi shi kaɗai har ruwa ya fito fari. Kar ki je ki gaya wa madam ni na faɗa.

Hajiya Mai Atamfa:
Wannan kam fagena ne, bari in taimaka ko da ban yarda da aikin ba. Yanzu kasuwa cike take da atamfar da rabinta roba ce, zanen iri ɗaya da na asali, har lambar baki ake kwaikwaya. Yanki ɗan siriri ki kunna masa ashana. Auduga tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana naɗewa ta bar baƙin ƙullutu mai tauri. Kar ki haɗa su wuri ɗaya, dutsen gugar da auduga ke so zai narkar da robar, musamman na gawayi.

Kaka, Yalwa:
Jikata ce ke rubuta mini. Ku yara kuna ta Amurka Amurka. Uwata da ta tashi yi wa jariri shimfiɗa, tsofaffin zannuwa uku ko huɗu take jerawa, waɗanda suka sha wanki suka yi laushi, ta bi su da allura da zare layi kusa da layi. Ba soso ba auduga. A wanke da safe a shanya, kafin azahar ya bushe. Soson nan naku a daminar Kumasi kwana uku zai yi a igiya, ya fito yana warin fumfuna.

Malamin Makaranta:
Allah ya ƙara lafiya, Kaka. Haka matan Bangaladash da gabashin Indiya ke yi da tsofaffin zannuwansu, suna kiransa kanta. Su ma ƙasar zafi da ruwa ce.

Baba Tela:
Maganar Kaka ita ce magana. Cire soson nan ki yi filon kujera da shi. Sa tsohon zane ɗaya ko biyu a tsakiya, amma mai haske, kar zanensa ya nuna ta sama. Ko akoko da aka wanke sau biyu. Tamale ta fi nan sanyin hunturu da asuba, hawa biyu ya isa.

Ɗan Nima:
In ana son mai ɗan ɗumi, a dilar gwanjo akan samu zanen gado na auduga mai gashi-gashi, wanda Turawa ke shimfiɗawa da sanyi. Ba ya tafiya a kasuwa domin mutanenmu zafi suke ji, don haka da araha muke rabuwa da shi. Shi ya fi komai kama da abin da Anti ta faɗa. Ni a kasuwar gwanjo ta Kantamanto nake, kuma in ƙyalle ake nema mu ne gidansa. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta tufa miliyan 15 ke shigowa kasuwar nan duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarewa a shara. Je bakin teku a Jamestown ka ga yadda suka nannaɗe cikin yashi kamar igiya. Bayan gobarar Janairun 2025 da ta cinye rumfunanmu, da yawa cikin telolin da suka dawo wannan aikin suka kama, a farke jins goma a fitar da jaka da jaket.

Mai Gyaran Keke, Akwatia Line:
Na ga an wuce zancen keke ban iso ba. Yaya, matsalar da Baba bai faɗa ba ita ce keken hannu ne. Hannun dama na juyawa, hagu kaɗai ke riƙe bargo mai tsawon inci 81. Nauyinsa na zuba ƙasa yana jan allura gefe. Ɗora kan nan a teburin ƙafa, irin kawunan Butterfly duk samfurin tsohuwar Singer 15 ne, suna hawa. Hannu biyu su samu 'yanci. Ki jingina wani tebur a hagu ya ɗauki nauyin, ɓangaren da zai bi ta cikin hammatar keken kuma ki naɗe shi tamau kamar tabarma.

Auta:
Ni da na ce ta kawo shagonmu a bi mata da Juki, minti talatin an gama.

Mai Gyaran Keke:
Juki 8700 tana iya ɗinki 5,500 a minti. In mai tsohuwar mota ce mai kuloci, taɓawa ɗaya ta cinye rabin layi kafin Yaya ta ce bismillah. Sai dai in an sa mata motar da ake kira servo, wadda ake rage wa gudu kuma ba ta shan wuta sosai. Ga shi kuma in an ɗauke wuta kin zauna. Keken ƙafa ba ruwansa da dumso, wato ɗauke wuta.

Antin Bronx:
Akwai wata ƙafa da ake ɗaurawa mai nata haƙoran a sama, tana ja tare da na ƙasa, ita ce maganin tattarewa. In mai zuwa ya samu zan aiko da ɗaya a gwada ko za ta hau. Amma roƙona ga duk wanda ɗan'uwa ya aiko wa keken lantarki daga nan: wutarmu 110 ce, taku 230. Na aika wa ƙanwata Brother sabuwa fil, ban gama bayani a waya ba yaron gida ya soka a bango. Hayaƙi kawai suka gani. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai Gyaran Keke:
Irin su uku ne a ƙarƙashin bencina yanzu haka. Allon cikinsu in ya ƙone ba mu da shi.

Malamin Makaranta:
Tunda Anti ta kwaɗaita mana, me zai hana mu yi namu nunin? Ba sai mun je Cultural Centre an ce mu biya kuɗin rumfa ba. Farfajiyar makarantarmu ranar Lahadi, igiyar shanya da maƙalai. A kawo na keke, a kawo na hannu irin na Kaka, a kawo jakunkunan su Ɗan Nima.

Hajiya Mai Atamfa:
In za a ba da kyauta, ba ruwana. Mata biyu za su daina gaisawa har shekara.

Baba Tela:
Kar a ba da kyauta, amma a juya baya a gani. Yaran yanzu su san akwai mai dubawa. Kuma a rataye a inuwa, rana na cin atamfa.

Auta:
Baba, tambaya. Ni na gwada nawa da gida 14 kamar na Yaya, layi ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan inci uku. Kuma duk da awo ɗaya na yanka.

Baba Tela:
Ba yankan ba ne, cin ɗinkin ne. Kwatan inci ake ci, ba ƙari ba ragi. In kika ƙara rabin kwata a haɗi ɗaya, kwata guda ya tafi domin yadi biyu kika ci. Haɗi 13 ne a layi, lissafa ki gani. Manna tef a farantin keke daidai kwata daga allura, bakin yadi ya riƙa binsa. In kin zo guga kuma, layi na farko ki kwantar da haɗin dama, na biyu hagu, sai su shige juna, ba su taru su yi tudun da zai karya allura ba.

Maman 'Yan Biyu:
Salam 'yan zaure, na dawo bayan kwana tara. Na farke soson, dare biyu ina yi, yatsana har ya yi kanta. Gida bakwai ne suka zuba, duk ja, na canza su. Na sa akoko hawa ɗaya da wani tsohon farin mayafina. Maƙwabciyata ta ara mini teburin ƙafa, sai dai bel ɗinsa ya tsinke, da igiya muka ɗaure, tana zamewa. Na yi layi goma sha ɗaya, allura ɗaya ce har yanzu. Baba, Allah ya saka da alheri.

Gwaggo ta sake zuwa jiya. Ta zauna a bakin tabarma tana bin gidajen da yatsa, tana cewa wannan na bikin wance ne, wannan shekarar da aka yi ruwa ranar suna. Ta kai kusan awa. Da za ta tashi ta ce ba dai a kan gado ranar da dangin miji za su shigo ba. Na ce to. Zan sa shi a ƙasan akwati.

Hajiya Mai Atamfa:
Ƙasan akwati daidai ne. Ki zo Kejetia ranar Asabar, ina da bakin turmi na GTP shuɗi da zai yi miki kalmasar gefe. Sayarwa zan yi, ba kyauta ba.

Mai Gyaran Keke:
Yaya, jefar da igiyar nan. Turo 'yan biyu da yamma su karɓi bel na fata, amma su zo da tsohon in auna tsawo.